Fili da Gida: Wa Ke Sayen Fuloti a Rigasa?

Binta: Barkanmu da warhaka. Yau muna Rigasa, ƙaramar hukumar Igabi a jihar Kaduna, tare da Malam Sani da Injiniya Kabiru. Malam, tashar jirgin ƙasa ce ta tayar da kuɗin fili ko dai surutun dillalai ne?

Sani: Ta taimaka, Hajiya. Tun da jirgin Abuja ya fara aiki a 2016, filayen hanyar tasha suka samu masu nema. Amma masu zuwa Abuja tsiraru ne. Masu saye na gaskiya su ne ’yan kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, masu sana’a a Panteka, ƙananan ma’aikata, da samarin Tudun Wada da gidan gado ya yi musu kaɗan. Sai kuma iyalan da rashin tsaro ya taso daga wajen Birnin Gwari da Giwa.

Kabiru: Shi ya sa ko da aka dakatar da jirgin a Maris 2022, har zuwa Disamba, gini bai tsaya ba.

Binta: To wane irin gida ne ke tafiya?

Sani: Ciki da falo mai banɗaki a ciki, haya shekara-shekara, dillali ya karɓi la’adarsa, yawanci kashi 10. Wanda ya zuba kuɗi a katafaren bene yana jiran ɗan haya irin na Unguwar Rimi, unguwar masu hali, zai daɗe yana jira.

Kabiru: Nan nake so a tsaya. Cikakken fuloti ƙafa 50 ne da ƙafa 100. Yanzu rabi ake yankawa, 50 da 50, wato kusan mita 15 kowane gefe. Mutum ya haƙa rijiya a tsakar gida, ya haƙa shadda a lungu, maƙwabci ma ya jingina tasa da katanga. Ƙa’ida ita ce a bar aƙalla mita 15 tsakanin shadda da rijiya. Ina za a samo su? Da damina ta nutsa sai ruwan ya fara wari, yara su kama gudawa.

Binta: Ke nan a je duba fili a watan Agusta.

Kabiru: Bayan an ɗauke ruwan sama ma. Ki ga inda ruwa ke kwanciya, ki duba gindin katangar maƙwabta ko ta yi kore.

Binta: Takardu fa, Malam?

Sani: Takardar mai unguwa shaidar ciniki ce kawai. Kafin ki biya ko sisi, ɗauki mai safiyo ya auna, ya nemo duwatsun iyaka, a kai KADGIS, hukumar rajistar filaye ta jihar Kaduna, a bincika ko filin na cikin tsarin gwamnati ko an riga an yi wa wani rajista. In gonar gado ce aka yanka, sai kin ga takardar rabon gado daga kotu, don magaji ɗaya kan sayar ’yan’uwansa ba su sani ba.

Kabiru: Kuma kada a ɗora bulo sai da izinin KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar. Filin da ya yi araha fiye da kima, ɗaga kai sama, sau da yawa babbar wayar lantarki ce ta bi ta kansa.

Binta: Mako mai zuwa za mu tsallaka kogin Kaduna, mu duba unguwar Millennium City. A huta lafiya.