Darasin Rubutu: Yadda Za Ka Kai Littafinka Ƙarshe

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka daga nan Birnin Kebbi. Yau maganarmu da wanda ke da littafi a ransa ce, da kuma wanda ya fara ya ajiye. Kai ɗan'uwa, ke 'yar'uwa, ku matso kusa.

Farawa ba ta cika wuya ba. Inda littafi ke mutuwa shi ne babi na uku ko na huɗu. Zumuɗin farko ya wuce, sai mutum ya koma shafin farko yana gyara, ya goge, ya sake, har shekara ta zagayo yana nan inda yake. To, ga abin da nake so ka yi. Kafin ka rubuta komai, ɗauki takarda guda ka rubuta yadda labarin zai ƙare. Layi biyar sun isa. Wa ya samu, wa ya rasa, ina aka tsaya? Ka liƙa takardar nan a bangon ɗakinka, duk ranar da hanya ta ɓace maka ka ɗaga kai ka duba.

Sannan ka ware lokaci guda wanda ba ya canzawa. Bayan sallar asuba ya fi, kafin a fita gona ko kasuwa, kafin yara su tashi neman koko. Shafi ɗaya kawai. Shafi ɗaya kullum, cikin wata huɗu kana da shafi 120, kuma wannan littafi ne. Kada ka waiwaya ka gyara, ko da ka ga jimlar ta karkace. Manomin shinkafa a fadama ba ya dasa da girbi rana ɗaya, gyara yana da nasa lokacin. Kuma in za ka tashi, ka tsaya a tsakiyar magana, inda ka san abin da ke biye, don gobe alƙalami ya samu inda zai kama.

Wani zai ce ba shi da kwamfuta, ba wutar lantarki. Ɗan'uwa, Malam Abdullahin Gwandu da alƙalamin kara da tawada ya rubuta tafsirin Alƙur'ani sukutum, ga yaƙi, ga nauyin jama'a a wuyansa. Littafin rubutu na 'yan makaranta da biro sun ishe ka. In kuma a waya kake yi, don Allah ka riƙa tura wa kanka ta imel duk mako, saboda waya tana ɓata, tana faɗawa ruwa.

Abin da ke ci mini rai shi ne, labarin ƙasar nan tamu bai shiga takarda yadda ya kamata ba. Masuntan Argungu da homarsu da gorarsu, matan da suka baro ƙauyukansu a Zamfara da goyo a baya, tsofaffin da ke riƙe da tarihin Kanta, sarkin Kabi, da birninsa Surame. In ba mu rubuta ba, wa zai yi?

Ranar da ka sa aya ta ƙarshe, ka rufe shi ka bar shi mako biyu. Daga nan ka karanta da babbar murya, kunne zai kama abin da ido ya tsallake. Ka kai wa malamin Hausa ya duba maka ƙugiyoyi da rabon kalmomi, domin ƙasa daban, kasa daban. Lambar ISBN kuwa, wato lambar shaida da ake ba littafin da za a buga, a Ɗakin Karatu na Ƙasa ake samun ta. Maganar maɗaba'a da kuɗin bugu sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.