Amsoshin Tambayoyinku: Kwamfutar da ke tashi yau, gobe allo ya yi baƙi

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum, barkanku da war haka. Wasiƙarmu ta farko ta fito ne daga wani mai gyaran kwamfuta a Ƙofar Ƙaura, nan cikin birnin Katsina. Ya ce ya ɗora Linux a kan tsofaffin kwamfutoci na wata makaranta, ya kuma rubuta ɗan jerin umarni da ke dubawa ko fayil ɗin /dev/fb0 yana nan. In yana nan, sai ya rubuta wa Xorg, wato manhajar da ke zana tagogi a allo, saiti cewa ya yi aiki da direban fbdev, mai zane ta wannan fayil (direba manhaja ce da ke sarrafa wani sashen na'ura). To wata rana komai lafiya lau, wata rana allo baƙi ƙirin, kundin rahoto kuma yana cewa "no screens found". Yana tambaya, ina gizo ke saƙar?

To Malam, bari in fara da waɗanda ba su san firembafa ba. Wani yanki ne na ƙwaƙwalwar na'ura inda ake ajiye launin kowane ɗigo da ke kan allo. Allo mai ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, in kowane ɗigo ya ci bayit 4, ya kusa cinye megabayit 8. Linux kan buɗe ƙofa zuwa wannan yanki, sunanta /dev/fb0.

Ni a ganina tambayar da umarninka ke yi ce ba daidai ba. Kana tambaya ko ƙofa tana nan, alhali abin tambaya shi ne wa ke cikin ɗakin. Lokacin da kwamfuta ke tashi, mai riƙon ƙwarya ne ke fara kama allo: efifb a na'urori masu sabon tsarin tashi na UEFI, vesafb a tsofaffi masu tsarin BIOS, ko simpledrm da ya shigo Linux 5.14 a shekarar 2021. Can sai direban gaskiya ya iso, i915 in katin hoton na Intel ne, amdgpu ko radeon in na AMD ne, ya sallami mai riƙon ƙwarya ya karɓi kujera. A tsakanin nan fb0 kan ɓace na ɗan lokaci kafin ya dawo. In umarninka ya leƙa kafin a yi canjin, ya ga wani. In ya leƙa ana tsaka da yi, bai ga kowa ba. Tsohon faifan ajiya marar sauri kuwa ba kullum yake loda direba a daƙiƙa ɗaya ba, shi ya sa abin ya zama yau fari gobe tsumma.

Ga yadda za ka kama shi. In allo ya yi baƙi, danna Ctrl da Alt da F3 tare, ka shiga ta rubutu. Buga cat /proc/fb. In ka ga EFI VGA ko VESA VGA ko simpledrmdrmfb, mai riƙon ƙwarya ne har yanzu. In ka ga suna irin i915drmfb, amdgpudrmfb ko radeondrmfb, direban gaskiya ya zauna. Sannan duba dmesg, umarnin da ke nuna rahoton tashin Linux, domin kowane layi yana ɗauke da lokacinsa, za ka ga daƙiƙar da aka yi musanyar. Sai ka buɗe /var/log/Xorg.0.log ka bi layukan da ke da alamar EE, su ne kurakurai. A wasu tsare-tsaren kundin yana cikin .local/share/xorg a gidan mai amfani. Shi kuma jerin umarnin, sa masa set -x a sama, zai riƙa faɗin duk abin da yake yi da reshen da ya bi. Ka sa ya juye abin da ya gani a /proc/fb cikin wani fayil duk tashi. Bayan tashi goma, kwatanta na ranar lafiya da na ranar baƙin allo.

Magani mai sauri shi ne ka sa udevadm settle kafin dubawar, ya jira na'urori su natsu. Amma da ni ne, sai in fara duba /dev/dri/card0 ko card1, ƙofar da direbobin zamani ke buɗewa zuwa katin hoto. In akwai, kada ka rubuta wa Xorg komai, shi da kansa zai zaɓi direban da ya dace, galibi modesetting, wanda ya fi fbdev nesa ba kusa ba, don fbdev ba ya cin moriyar ƙarfin katin hoto. A bar fbdev ya zama na ranar da babu. Ka kuma leƙa saitin GRUB, manhajar da ke tayar da Linux, kar a ce wani ya taɓa sa nomodeset ya manta. Masu gyara suna yawan yin haka, ni ma na taɓa, kuma wannan kalma guda tana hana direban gaskiya zama kwata-kwata.

Sai wata ɗaliba daga Daura, ta ce ita fb0 ɗinta yana nan daram, amma ana ce mata "Permission denied". Malama, naki mai sauƙi ne. Fayil ɗin na rukunin video ne. Buga groups ki gani ko kina ciki. In babu, a saka ki da usermod -aG video da sunanki, ki fita ki sake shiga kafin ya kama.

Malam na Ƙofar Ƙaura, in ka tara sakamakon tashi goman nan, aiko mana mu karanta a shiri na gaba.