Buhun Kilo 100 a Wuyan Ɗan Dako

Jama'a masu saurare, duk wanda ya shiga kasuwar hatsi ta Dawanau a Kano lokacin kaka ya gani da idonsa: mutum biyu su cicciɓi buhun masara mai kilo 100 su aza wa na uku a wuya, ya bi ta kan siririn katako ya kai cikin tirela, ya sauko a sake aza masa. Tun safe har la'asar sakaliya.

Tun 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawarar kada abin da namiji baligi zai ɗauka shi kaɗai ya wuce kilo 55. Mu a nan kusan ninki biyu muke ɗora wa ɗan Adam.

Tsakanin ƙasusuwan gadon baya akwai faifai mai laushi, kamar gammo. In mutum ya sunkuya ƙafafu a miƙe, kaya nesa da jikinsa, sannan ya murɗa ƙugu, faifan ƙasan baya ne ke matsewa har ya tsage ya danne jijiya. Daga nan ciwo ya riƙa saukowa daga ƙugu zuwa ƙafa, wani ma ƙafar ta dinga mutuwa. Yunƙuri da riƙe numfashi kuma kan tura hanji ta inda bangon ciki ya yi rauni, sai ga gwaiwa.

Wai sun saba. Haba! Wane sabo? In sabo ne, me ya sa wasu sai sun haɗiyi tramadol kafin su fara lodi? Ƙwayar tana kashe zafin ne kawai, ɓarnar tana nan tana ci.

Masana na cewa a durƙusa, a rungumi kaya a ƙirji, a miƙe da ƙarfin cinyoyi, a juya da ƙafa maimakon ƙugu. Gaskiya ne, amma wace dabara ce za ta mai da kilo 100 ya zama 50?

Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 tana nan, sai dai ɗan dakon da ake biya kan kowane buhu, sunansa na cikin rajistar wa? Ranar da bayansa ya riƙe, wani ake kira.

Siminti kilo 50 ne, takin zamani kilo 50, kuma cinikinsu bai tsaya ba. Shugabannin kasuwa su raba buhun hatsi biyu, a faɗaɗa katakon hawa, a sa baro tsakanin sito da mota.