Fitilar kyamarar kwamfutarku za ta iya yi muku ƙarya?

Bari mu fara da labarin wani hoto. Mark Zuckerberg ne a ciki, mai kamfanin Facebook da Instagram, a watan Yunin 2016, yana murnar masu amfani da Instagram sun kai miliyan 500. Amma masu ido ba shi suka kalla ba. Kwamfutar da ke kan tebur a bayansa suka zuba wa ido, domin an liƙe kyamararta da salatif. A wannan shekarar dai, shugaban hukumar binciken laifuka ta Amurka (FBI) na lokacin, James Comey, ya ce shi ma haka yake yi wa tasa. Tun daga nan masu sha'awar kayan lantarki suka samu abin musu: wasu su ce tsoro ne ya yi wa mutanen yawa, ai akwai 'yar fitila da ke kamawa duk lokacin da kyamara ta fara aiki. To, fitilar nan fa, a kan me aka yarda da ita?

Mu koma baya kaɗan. A shekarar 2010 asiri ya tonu a wata gundumar makarantu mai suna Lower Merion a jihar Pensilbaniya ta Amurka. Kwamfutocin da aka raba wa ɗalibai suna ɗauke da manhajar neman kayan da aka sace, kuma ta ɗauki dubun-dubatar hotuna, wasu a ɗakunan kwanan yaran. Wasu ɗaliban sun riƙa ganin koriyar fitilar tana ƙiftawa ta mutu. Wato a wannan karon fitila ta faɗi gaskiya. An rufe shari'ar da biyan dala 610,000.

Shekara uku bayan haka, a 2013, wasu masu bincike biyu a jami'ar Johns Hopkins, Matthew Brocker da Stephen Checkoway, suka nuna cewa ana iya rufe wa fitilar baki. Ku natsu a nan, don nan ne gishirin zancen.

A cikin tsofaffin MacBook, wato kwamfutocin hannu na kamfanin Apple, na wajejen 2008 da kafin nan, kyamarar tana da sassa uku da suka shafe mu. Akwai idon da ke ɗaukar hoto, akwai ƙaramin aisi, kamar yadda masu gyara ke kiransa, wanda ke ba idon umarni, sai kuma fitilar. Tsakanin aisin da idon akwai wani siririn layin wuta da aikinsa ɗaya ne tak: ya ce wa ido "yi barci" ko "tashi". A jikin wannan layin aka haɗa fitilar. Idan layin ya ce barci, fitila a kashe. Idan ya ce tashi, ta kama. A takarda dabarar ba ta da aibu, kamar a ɗaura ƙararrawa a jikin ƙofa ne.

Matsalar ita ce aisin nan ba shi da wayon kansa. Kwamfutar ce ke ɗora masa umarninsa, kuma ba ya tantance wanda ya aiko. Sai mutanen biyu suka ɗora masa nasu. Suka bar layin yana ta cewa barci, barci, fitila kuwa tana kashe, sannan suka bi ta wata hanyar suka gaya wa idon kada ya saurari layin. Maigadi na ƙofar gida yana rantsuwa ba wanda ya shiga, alhali an haura ta katanga. Sun sa wa aikin suna iSeeYou.

Kamfanin Apple ya ce a kwamfutocinsa na yanzu kyamara ba ta iya kamawa sai da fitilar. Ga wayoyi kuwa, koren ɗigon da kuke gani a saman allo ya zo ne da iOS 14 na wayoyin iPhone a 2020 da Android 12 a 2021. Yana da amfani ƙwarai wajen kama manhajar da ke leƙen asiri, amma ku tuna ba ƙwan fitila ba ne, zane ne a kan allo.

Ni a ganina, waɗanda ke liƙa salatif ba su yi wauta ba, sai dai sun toshe ido sun bar kunne. Salatif ba ya hana makirfo jin magana yadda ya kamata, kuma hirar ofis ko ta cikin gida ta fi hoton fuskarku kuna hamma daraja a wurin mai kutse. Shi ya sa tun 2018, MacBook masu aisin T2 ke yanke makirfo daga jikin na'urar da zarar an rufe murfi, ba manhajar da za ta iya mayar da shi. Wayar Librem 5 tana da makunnai a gefe da ke katse kyamara da makirfo, wayar PinePhone kuma nata 'yan ƙanana ne, sai an ɓalle murfin baya.

In kun yanke shawarar rufe taku kyamarar, ku guji murfin roba mai kauri. A 2020 Apple ya yi gargaɗin cewa rufe MacBook da irinsa a jiki na iya fasa allon, ya ce kada kaurin abin ya wuce na takardar da ake buga rubutu a kai, wato kashi ɗaya cikin goma na milimita.