Amsoshin Tambayoyinku: Mu Kai Riɗinmu Japan Ko Mu Haƙura?

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum. Wasiƙarmu ta farko daga wani ƙauye take kusa da Maigatari. Shugaban wata ƙungiyar manoman riɗi ne ya ce dillali ya kawo musu mai saye daga Japan, farashin ya ɗara na Dawanau, amma dattawa sun ja baya, wai ƙasar tsibirai ce da ba ta rabo da girgizar ƙasa da guguwa. Su shiga ko su haƙura?

To Alhaji, dattawanku ba su faɗi ƙarya ba. Ranar 11 ga Maris 2011 girgiza mai ƙarfin maki 9 ta taso da ambaliyar teku, ta share garuruwan gaɓar arewa maso gabas, mutum sama da 15,000 suka rasu. Sai dai wadda ɗan kasuwa ya kamata ya yi wa karatun ta-natsu ita ce ta birnin Kobe, 17 ga Janairu 1995. Tashar jiragen ruwansa, wadda ke cikin manya a duniya, ta lalace, aka kwashe wajen shekara 2 ana gyara. Jirage suka karkata wasu tashoshin, har da Busan ta Koriya ta Kudu. Ka ƙaddara riɗinku na kan ruwa a ranar, kuma yarjejeniyarku ta ce ba biya sai kaya sun sauka. Wa zai ba manoma haƙuri?

Don haka ku duba takardar ciniki da kyau, ku ga inda kaya ke fita daga wuyanku. Akwai tsarin da ake kira FOB: da zarar an ɗora kwantena a jirgi a Legas, duk abin da ya same ta a hanya na mai saye ne. Shi za ku nema. Kuɗin kuma ya zo ta takardar lamunin banki, wato LC, wadda ake biya idan kun miƙa takardun lodi. Alƙawarin baki na dillali bai isa ba, ko ɗan uwanka ne. Ku yi rajista da hukumar NEPC mai kula da fitar da kayayyaki ƙasashen waje tukuna, kuma a karon farko kwantena ɗaya ta wadatar. Sauran ku kai wa tsofaffin abokan cinikinku na Dawanau, kada ku yar da su.

Ni kuwa, wallahi, abin da na fi jiye muku ba girgizar ba ce. Tun 2006 Japan ta tsaurara gwajin ragowar maganin ƙwari a kayan abinci. Manomi ɗaya ya zuba fiya-fiya a ɗakin ajiya, ana iya ƙin karɓar kayan kowa. Ku tara 'yan ƙungiya ku faɗa musu wannan tun kafin girbi.

Ka kuma tambayi hukuncin inshora. Akwai kamfanonin takaful, wato inshorar Musulunci, masu lasisi a Najeriya. Ku je da malaminku, a karanta muku sharuɗɗan a gabansa.