Ramin Haƙori Ba Ranar Ciwo Yake Farawa Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban ƙungiya, iyayenmu maza da mata, malamanmu, yayyena da ƙannena, ina yi muku barka da zuwa. Na san akwai wanda ya duba tsarin taron yau ya ce a ransa: duk damuwar da ke kanmu a ƙasar mutane, a rasa abin tattaunawa sai haƙori? Ina roƙonku ku ba ni aron kunnuwanku.

Shekarun baya na zauna a ƙofar ɗakin tiyata ina jiran 'yata, lokacin tana da shekara bakwai. An sa ta barci aka cire mata haƙora huɗu. Uku na yarinta ne, ɗaya kuwa turmi ne na dindindin, wanda ba zai sake fitowa ba har abada. Ni da mahaifiyarta mun ga ramin tun da wuri, muka ce ai za ta yi famfara. Ba mu san cewa turmin farko na manya yana tsirowa wajen shekara 6 ba, can ƙarshen baki, ba tare da wani haƙori ya faɗi ya ba shi wuri ba. Tun daga ranar na duƙufa karanta abin da masu bincike suka gano, kuma shi na kawo muku.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2022 ya ce kusan mutum biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki, kuma yara miliyan 514 na da ruɓewa a haƙoransu na yarinta. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, an daɗe da sanin yadda cutar take.

Dubban shekaru mutane a sassan duniya sun ɗauka tsutsa ce ke cin haƙori. A 1890 wani likitan haƙori ɗan Amurka da ke aiki a birnin Balin na Jamus, Willoughby Miller, ya nuna cewa ƙwayoyin cuta ne da ke zaune a baki suke cin abin da muka ci, su fitar da ruwa mai tsami wanda ke narkar da farin ɓawon haƙori. A shekarun 1940 kuma wani mai bincike, Robert Stephan, ya auna lokacin da abin ke ɗauka. Da zarar sukari ya shiga baki, cikin 'yan mintuna tsamin ya tashi, haƙori ya fara zaizayewa. Sai yawu ya ɗauki wajen rabin sa'a zuwa sa'a guda kafin ya wanke tsamin, ya fara mayar wa haƙorin abin da ya rasa. Wato kullum ana rushewa ana gini a bakin kowa. Rami yana fitowa ne idan rushewar ta fi ginin yawa, wata da watanni.

Nan ne nake so iyaye mata da maza su natsu sosai. Tsakanin 1945 da 1953 an yi wani bincike a asibitin Vipeholm na ƙasar Suwidin, a kan masu naƙasar ƙwaƙwalwa da ke zaune a can. An riƙa ba wasu alewa mai danƙo har guda 24 a rana don a ga abin da zai faru. Zalunci ne, domin mutanen ba su da ikon cewa a'a, kuma haƙoran da yawansu sun lalace. Yau babu inda za a yarda da irin wannan gwaji. Sai dai abin da ya fito daga cikinsa gaskiya ne: waɗanda suka sha sukari tare da abinci ba su samu ɓarna mai yawa ba, waɗanda suka riƙa tsotsa tsakanin abinci da abinci kuwa bakinsu ya cika da ramuka. Ba yawan zaƙin kaɗai ba ne, sau nawa ya shiga baki a yini shi ne babbar magana. Yaron da ya shanye lemonsa lokacin cin abinci ya fi wanda ke yawo da kwalba yana kurɓa daga safe zuwa yamma samun sauƙi, ko da abin da suka sha daidai yake. Mafi muni shi ne kwalbar da ake ba jariri ya yi barci da ita da abu mai zaƙi a ciki, domin da dare yawu yana raguwa, babu mai wankewa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na abin da ke ba jiki kuzari a rana, in da hali a sauko zuwa kashi 5, wato wajen ƙaramin cokali shida ga babba.

Sai maganar sinadarin fuloraid, wanda labarinsa ke ba ni mamaki har yau. A 1901 wani matashin likita, Frederick McKay, ya isa garin Colorado Springs a Amurka ya tarar da mutane da tabo ruwan ƙasa a haƙora. Ya shafe shekara talatin yana bin sawun dalili. Abin da ya lura da shi shi ne, masu tabon nan haƙoransu ba sa saurin ruɓewa. A 1931 aka gano cewa fuloraid ne ya yi yawa a ruwan shansu. Idan ya yi yawa yana sa tabo, idan ya zo daidai yana ƙarfafa ɓawon haƙori. A 1945 birnin Grand Rapids ya fara zuba shi kaɗan a ruwan famfo, bayan shekara 11 ruɓewar haƙori a yaran da aka haifa a lokacin ta ragu da fiye da kashi 60 cikin 100. Ba kowace ƙasa ke zuba shi a ruwa ba, saboda haka ni a ganina kada kowa ya dogara da famfo. Man goge baki yana hannunmu. A duba jikin kwalin a tabbatar akwai fuloraid, lambar da ke nuna yawansa (ppm) ta kai 1000 zuwa 1500. A fara goge wa yaro tun ranar da haƙorin farko ya leƙo. Ƙasa da shekara 3 a ɗan shafa man kawai a kan buroshi, daga 3 zuwa 6 a sa ɗan ɗigo. Sau biyu a rana, kuma na dare ba a tsallake shi. Ga abin da yawancinmu ke kuskurewa: bayan gogewa a tofar kawai, kada a kurkure baki da ruwa, domin wanke maganin ake yi tun bai yi aiki ba. Yaro kuma ba ya iya goge bakinsa da kyau shi kaɗai sai ya kai wajen shekara bakwai.

Na san abin da ke hana wasunmu kai yara wurin likita: tsoron allura da ƙarar injin. To, binciken ya yi nisa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, shi ya sa yanzu ake shafa wani siririn rufi a kan tsagogin turmi tun yana lafiya. Akwai wani ruwan magani na azurfa da fuloraid, wanda Japan ta fara amfani da shi wajen 1970, ana ɗiga shi a rami ya tsayar da ruɓewar, ba allura ba huji. Aibinsa ɗaya, wurin yana yin baƙi. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin magunguna masu muhimmanci. A Tanzaniya, a tsakiyar shekarun 1980, wani likitan haƙori, Jo Frencken, ya ƙirƙiro hanyar kwashe ruɓa da kayan hannu a yi ciko ba tare da wutar lantarki ba, yau ana amfani da ita a ƙasashe da dama. Duk waɗannan suna aiki ne idan an zo da wuri. Ranar da yaro ya kwana yana kuka, ruɓar ta riga ta kusa jijiya ko ta taɓa ta, zaɓin da ya rage kaɗan ne. Da mun kai 'yata shekara guda kafin ranar nan, da turminta na nan.

Mu manya kuma tamu matsalar ta fi yawa a dasashi. A 1965 wani likitan haƙori, Harald Löe, ya sa ɗalibai masu lafiyar baki a Denmak su daina goge baki. Cikin kwana 10 zuwa 21 dasashinsu ya kumbura, da suka koma gogewa ya warke cikin kusan mako guda. Saboda haka jinin da mutum ke gani idan yana goge baki ba dalilin dainawa ba ne, alama ce cewa dauɗa ta taru a gindin haƙori. Idan aka bar ta sai ta daskare, buroshi ba ya iya cire ta, cutar ta gangara ta ci ƙashin da ke riƙe haƙori a hankali, ba ciwo, har ya fara girgiɗi. Taba sigari tana ƙara wutar abin, tana kuma ɓoye jinin. Iyayenmu masu ciwon sukari, ku ji wannan da kyau: ciwon sukari yana tsananta cutar dasashi, cutar dasashi kuma tana wahalar da saukar sukari a jini, an kuma nuna cewa yin maganinta yana ɗan saukar da shi. Ana dasa haƙori da ƙarfen titaniyom tun 1965, amma shi ma dashen yana bukatar ƙashi mai lafiya da zai kama.

Ranka ya daɗe shugaba, roƙona biyu ne. A taro mai zuwa mu gayyato likitan haƙori ya nuna wa iyaye yadda ake ɗaga leɓen yaro a duba. Farin tabo kamar alli a kusa da dasashi shi ne matakin farko, kuma a nan ana iya mayar da haƙori lafiya ba tare da ciko ba. Na biyu, waɗanda suka iya harshen ƙasar nan su taimaki sababbin zuwa wajen yi wa 'ya'yansu rajista da likitan haƙori. Na sa takarda a bakin ƙofa, mai niyya ya rubuta sunansa kafin a tashi, nawa na sama.

Na gode. Wassalamu alaikum.