Jawabin Ma'aji: Babi Ɗaya Ya Rage Masa

Alhaji Shugaba, a takarda an rubuta rahoton kuɗi zan karanta, kuma zan karanta shi, amma ka yi mini haƙuri in fara da maganar da ta hana ni sukuni tun makon jiya.

Ɗan'uwanmu ne, yana zaune a ɗakin nan. Ya roƙe ni kada in kama sunansa, ba kuwa zan kama ba. Jami'arsa ta aiko masa da wasiƙar ƙarshe: ko ya biya ragowar kuɗin makaranta kafin ƙarshen watan gobe, ko ta soke rajistarsa ta sanar da ma'aikatar cikin gida. Duk wanda ya taɓa riƙe bizar ɗalibi a Birtaniya ya san abin da ke biyo baya. Za a datse bizar, a ba shi kwana 60 ya tattara nasa ya nasa ya bar ƙasar, da shi da matarsa da 'ya'yansu. Mutum ya shiga shekara ta huɗu yana digirin dakta, ya gama tattara bayanai, babi ɗaya ya rage masa ya haɗa kundi ya je ya kare. Na buɗe asusun agajinmu in ga me za mu iya, wallahi abin da na tarar bai kai kwatan abin da ake bin sa ba.

Kada wani ya ɗauka almubazzaranci ya yi. Waɗanda suka turo shi da naira suka yi masa kasafi, lokacin da fam ɗaya bai kai naira 600 ba a banki. A watan Yunin 2023 aka sakar wa naira mara, a 2024 fam ya haura 2,000. Kuɗin da a da zai riƙe shi shekara, yanzu ko wata huɗu ba ya kaiwa, shi ɗin ma sai an yi ta bibiya kafin ya fito. A nan kuma, a Fabrairun 2024 aka ɗaga kuɗin lafiyar da ake biya tare da biza, daga fam 470 zuwa 776 a shekara ga ɗalibi, kuma kowane kai da nasa, har jinjiri. Doka ba ta yarda ya wuce awa 20 yana aiki a mako ba, tallafin gwamnati kuma an haramta masa. Awa 20 ɗin yana yin su, aikin dare a sito, ya fito da asuba ya wuce jami'a. Matarsa tana aikin kula da tsofaffi. Abin da suke samu, haya ce da abinci da wuta.

Na ga abin da aka rubuta a WhatsApp, kuma ya ɓata mini rai. Wani ya ce wa ya aike shi ya taho da iyali. Doka ce ta ba shi dama. Ko dokar Janairun 2024 da ta hana masu digiri na biyu zuwa da iyalansu ba ta taɓa masu digirin bincike ba. Wani kuma ya ce karatun ya isa haka, ya nemi aiki kamar kowa, ai kundin ma a kanta za a ajiye shi ƙura ta rufe. Wannan ta biyun nake so in amsa, don na tabbata wanda ya rubuta bai san abin da wannan bawan Allah yake yi ba.

A kan ambaliya yake aiki, ambaliyar cikin gari. Mu da muka tashi a cikin birnin Kano mun san kududdufi. Ramuka ne da kakanninmu suka haƙa suka ɗebi ƙasar gina gidaje da ganuwa, in damina ta sauka ruwan unguwa ya gangara ya kwanta a ciki, ragowar ya bi Jakara. Muna yara iyayenmu mata suna hana mu zuwa bakinsa, mu kuma muna satar jiki mu je kallon kwaɗi. Yau ka koma unguwarku ka nemi kududdufin, sai ka tarar an cike shi da shara an yanka filaye, an dasa shaguna da bene. Ruwan sama kuwa bai fasa zuwa ba, ɗakunan mutane yake shiga. Ɗan'uwanmu ya bi lungu-lungu da ma'auni a hannu, yana shiga kwalbati yana auna faɗinsa da yawan yashi da ledar da suka toshe shi. Ya zauna da masu unguwanni da tsofaffin mata suna nuna masa a jikin bango inda ruwa ya tsaya a shekarun baya. Ya haɗa wannan da hotunan tauraron ɗan'adam na da da na yanzu. Da idona na gani a kwamfutarsa: ya sa adadin ruwan sama, sai shuɗi ya fara bin layi-layi a taswira, kana ganin gidan da ruwa zai fara shiga da hanyar da za ta fara yankewa.

Wanda yake ganin wannan wasa ne, ya tambayi mutanen Maiduguri da ke cikinmu yadda suka wayi garin 10 ga Satumba, 2024, da madatsar Alau ta ɓalle. Wuni suka yi suna kiran wayoyin da ba sa shiga. Ruwa ya ci Gwange, ya shiga Kasuwar Monday da fadar Shehu da asibitin koyarwa, har gidan yari da gidan namun daji. Ɗaruruwan dubban mutane suka bar gidajensu. Kuma Alau ta taɓa yin haka a 1994. A daren irin wannan, wanda ya san ta ina ruwa zai bi da awa nawa zai ɗauka, rayuka ne a hannunsa. Irin mutumin da muke shirin bari a kora ke nan saura babi ɗaya.

Ni aikin jinya nake yi, bari in kawo muku daga ɓangarena. Babu gidan da ke ɗakin nan da bai san sikila ba. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan yaran da ake haifa da ita, kimanin 150,000 a shekara. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne tana shanye wa yaro ɓarin jiki. In ba a yi rigakafi ba, kusan ɗaya cikin goma zai gamu da wannan kafin ya kai shekara 20. Yaro yana firamare, ya tashi da safe baki ya karkace, hannu ba ya ɗaguwa, a gida a ce iska ce. A ƙasashen nan an daɗe da sanin mafita: a ɗora wa yaro wata 'yar na'ura tsakanin ido da kunne a auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, in gudun ya yi yawa a riƙa yi masa ƙarin jini kusan duk wata. To ina talakan Kano zai samu tsaftataccen jini duk wata, shekara da shekaru?

Likitocinmu na Asibitin Malam Aminu Kano, su Farfesa Shehu Abdullahi, tare da Farfesa Michael DeBaun na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, suka ce bari a gwada ƙwayar haidiroksiyuriya a maimakon jini. Suka bi yara 220 a Kano da Kaduna, masu shekara 5 zuwa 12, waɗanda awo ya nuna suna cikin haɗari. Rabi aka ba su kaɗan, rabi matsakaici. Da sakamako ya fito a 2022, sai aka ga kaɗan ɗin ma yana kare yaro kamar matsakaicin. Ƙwaya ce mai araha, uwa za ta ba ɗanta a gida da ruwa. Ku kwatanta da maganin gyaran ƙwayar halitta, Casgevy, da Birtaniya ta riga kowa amincewa da shi a Nuwamban 2023, wanda kuɗinsa ya haura fam miliyan ɗaya da rabi ga mutum ɗaya. Abin alheri ne, Allah Ya sa 'ya'yanmu na nan su amfana. Amma yaron Fagge ko Kurna, abin da zai kai gare shi yau shi ne wanda aka bincika a gida, da hannun waɗanda suka san gida. Duk lokacin da na tuna aikin nan sai in ji kaina ya ɗaukaka. Kuma kowane ɗaya daga cikin likitocin nan akwai ranar da yake ɗalibi, wani ya tsaya masa.

Mun kuma san ɗaya fuskar. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kusan 200 a Kano, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ba ne. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano. Masu binciken zamantakewa sun nuna wannan ciwon yana cikin abin da ya sa jama'a suka juya wa allurar shan-inna baya a 2003, cutar ta sake yaɗuwa har ƙasashen waje, yaranmu suka shanye. Bincike za a yi shi a kanmu ko muna so ko ba ma so. In babu namu a teburin, masu jin harshen uwar yaro kuma masu jin kunyarta, haka za a ci gaba da yi.

Shi ya sa nake magana da zafi a kan kuɗin wata. Jama'a, fam goma ne. Akwai waɗanda tun Sallar bara ban ga sisinsu ba, kuma ba rashi ba ne, don in maganar anko ce kafin a yi sallar isha an cika. Ban hana kowa kwalliya ba, amma da kowa yana biya, da yau ban tsaya ina roƙo a gaban mutum da matarsa suna sunkuyar da kai ba. Asusun nan da shi muka yi jana'iza, da shi muka biya lauya lokacin da aka tsare ɗayanmu. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Babu ɗayanmu da yake da uwa ko uba a ƙasar nan da zai gudu wurinsu, mu ne dangin juna. Iyayenmu da suka riga mu zuwa, Baba Alhaji da Hajiya Babba, ku sa baki. Likitoci da injiniyoyi da Allah Ya buɗa muku, ba na so in bi ku ɗaya bayan ɗaya, amma in ta kama zan bi. Malaman jami'a da ke cikinmu, ku kun san ƙofofin da ake ƙwanƙwasawa: ina so mutum biyu su zauna da shi daren yau a rubuta takardar neman biya kashi-kashi da ta asusun ɗaliban da suka shiga matsi, a kuma nemi malamin da ke duba aikinsa ya sa hannu.

Rahoto kuwa, a taƙaice: an biya hayar zaure har ƙarshen shekara, kuɗin malamin Islamiyya na wata biyu yana kanmu, littattafan ajin Hausa na yara sun iso, kujerun da suka karye an gyara. Cikakken lissafi yana kan tebur, mai so ya duba.

Sakatare yana bakin ƙofa da littafi. Mai bashin wata ya biya kafin ya fita, mai gudummawa ya rubuta abin da zai iya da ranar da zai kawo, ko bashi ne a rubuta bashi ne, ya ce zai biya in ya fara aiki, ni ce shaida. Masu turawa ta banki ku sa "agaji" a wurin bayani don kada ya gauraya da kuɗin Islamiyya. Ranar Juma'a da safe zan raka shi ofishin kuɗi na jami'ar, kuma ina so mu shiga da aƙalla rabi a hannu.